Garin Neman Ƙiba: Illar Zuba Kifin Kiwo A Kogunan Tirawut

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, garin neman ƙiba akan samo rama. Wannan karin magana ta dace ƙwarai da abin da ya sami wani kifi na ƙasashen sanyi da ake kira tirawut. Fiye da shekara 150 ke nan hukumomi da ƙungiyoyin masu kamun kifi a Turai da Amurka suna ƙyanƙyashe shi a tankuna, suna ɗiba suna zubawa a koguna domin ƙara yawansa. Niyyar mai kyau ce, kuɗin da aka kashe kuma ba kaɗan ba ne. Sai dai binciken da masana suka yi ta yi tun daga shekarun 1970 ya nuna cewa a wurare da dama aikin ya illata kifin da aka fito taimako, domin ya shafe bambancin gado da ke tsakanin kifin wannan kogi da na wancan.

Ra'ayin da wannan maƙala ke ƙoƙarin kafawa shi ne, duk kogin da kifinsa ke iya hayayyafa da kansa bai kamata a zuba masa kifin kiwo mai haihuwa ba. Kuɗin da za a kashe wajen ƙyanƙyasa gara a kashe su wajen gyara kogin.

Wane Kifi Ne Tirawut?

Babu wannan kifi a kogunan ƙasar Hausa, saboda haka sunan nasa aro ne daga Ingilishi. Ɗan'uwan kifin samon ne, kuma ruwa mai sanyi da tsabta yake bukata. Idan lokacin haihuwa ya yi, macen kan haƙa rami da wutsiyarta a cikin tsakuwar ƙasan rafi, ta saka ƙwai, namijin ya zuba musu maniyyinsa, sannan ta rufe su da tsakuwa. Iri huɗu ne za mu ci karo da su a wannan maƙala. Akwai mai ruwan ƙasa, wanda asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da tsaunukan Atlas na arewacin Afirka. Akwai mai bakan gizo, ɗan kogunan da ke kwarara tekun Fasifik ta arewa. Akwai mai jan maƙogwaro, ɗan tsaunukan yammacin Amurka, sai kuma mai zanen marmara, wanda ake samu a kogunan da ke kwarara tekun Adiriyatik a kudancin Turai.

Ɗabi'ar da ta sa wannan kifi ya zama abin nazari ita ce, yawanci yakan koma rafin da aka haife shi domin ya haihu. Ke nan auren gida yake yi. Bayan dubban shekaru ana haka, kifin kowane rafi sai ya zama dangi na daban, wanda ya saba da sanyin ruwansa da lokacin ambaliyarsa da cututtukan da ke cikinsa. A tafkin Melvin da ke tsibirin Ailan, Andrew Ferguson na Jami'ar Queen's da ke Belfast da abokan aikinsa sun nuna tun farkon shekarun 1980 cewa akwai dangi uku na mai ruwan ƙasa a tafki ɗaya. Ɗaya yana kiwo a ƙasan ruwa yana cin dodon koɗi, ɗaya yana cin ƙananan halittun tsakiyar ruwa, na ukun kuma ƙato ne mai cin kifi. Suna zaune wuri ɗaya, amma kowanne da inda yake zuwa ya haihu, shi ya sa ba su cakuɗe ba.

Mene Ne Bambancin Gado?

Kowace halitta tana gadon siffofinta daga iyayenta ta hanyar ƙwayoyin gado. Bambancin gado kuwa hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne bambancin da ke tsakanin ɗaiɗaikun kifin rafi ɗaya: wani ya fi jure zafi, wani ya fi jure cuta, wani yana haihuwa da wuri, wani a makare. Hawa na biyu shi ne bambancin da ke tsakanin dangin wannan rafi da na wancan. Manomi ya san wannan ba tare da an karanta masa ba. Irin da ya dace da jigawa ba shi ya dace da fadama ba, kuma wanda ya shuka iri ɗaya tak a duk gonakinsa, ranar da cutar wannan iri ta zo ba zai tsira da ko dami ɗaya ba. Bambanci na farko shi ne garkuwar dangi a ranar annoba, na biyun kuma shi ne ya sa kowane dangi ya iya zama a gidansa.

Yadda Aka Fara

Wani Bajamushe mai suna Stephan Ludwig Jacobi ne ya bayyana dabarar tatsar ƙwai da maniyyin tirawut a haɗa su da hannu tun a ƙarni na 18. A shekarar 1852 gwamnatin Faransa ta kafa gidan ƙyanƙyasar kifi a garin Huningue, wanda ya riƙa raba ƙwai zuwa sassan Turai. Daga nan sai abin ya zama ruwan dare. A 1864 an kai ƙwan mai ruwan ƙasa daga Ingila zuwa tsibirin Tasmaniya a cikin ƙanƙara, a 1883 kuma aka kai shi Amurka daga Jamus. Shi ma mai bakan gizo an ɗebe shi daga kogunan Kalifoniya an watsa shi a duniya. A wancan zamani ba a san komai game da ƙwayoyin gado ba. A wurin mutanen lokacin, tirawut tirawut ne, ko daga ina ya fito. Ba za a zarge su da abin da ba su sani ba, amma na yau ba su da wannan uzuri.

Hanyoyin Da Ɓarnar Ke Biyowa

Hanya ta farko ita ce ƙarancin iyaye. Mace mai nauyin kilo ɗaya kan saka ƙwai kimanin 2,000. A cikin kogi kusan duka mutuwa suke yi kafin su girma, amma a tanki mafi yawansu kan tsira. Saboda haka mai ƙyanƙyasa ba ya bukatar iyaye da yawa kafin ya cika tankunansa. A 1991 wasu masana biyu na Jami'ar Stockholm da ke Suwidin, Nils Ryman da Linda Laikre, suka nuna da lissafi abin da wannan ke jawowa. Mu ɗauki misali. A ce kogi yana da manyan kifaye 1,000 masu haihuwa, aka kama 20 aka kai gidan ƙyanƙyasa, aka dawo da 'ya'yansu, har suka zama rabin kifin zuri'a ta gaba. Mai ƙirga zai ga kifi ya ƙaru. Amma bisa wannan lissafi, ta fuskar gado dangin ya koma tamkar na iyaye 78 kacal, domin rabin jama'ar 'ya'yan gida kaɗan ne. Idan aka maimaita haka shekara da shekaru, sai 'yan'uwa na jini su riƙa haɗuwa da juna, raunin da ke ɓoye a jini ya riƙa bayyana. Abin lura a nan shi ne, wannan illa tana faruwa ko da daga kogin aka ɗebo iyayen.

Hanya ta biyu ita ce sabo da tanki. Kifin da ya fi dacewa da tanki shi ne mai jure cunkoso, mai rububin abincin da aka watsa a saman ruwa, marar tsoron inuwar da ta gifta. A kogi kuwa wanda bai ji tsoron inuwa ba abincin tsuntsu ne. Ba tare da mai kiwo ya yi niyya ba, tanki yana zaɓar masu halin tanki. A da ana zaton sai an yi zuri'a da yawa kafin wannan canji ya auku. Binciken da aka yi a kogin Hood na jihar Oregon a Amurka, a kan mai bakan gizo irin wanda ke zuwa teku ya dawo, ya rushe wannan zato. Hitoshi Araki da Michael Blouin da abokiyar aikinsu sun bayyana a 2007 cewa kowace zuri'a da aka raina a tanki tana rage nasarar haihuwa a kogi da kimanin kashi 40 cikin 100. A 2016 kuma Mark Christie da abokan aikinsa suka gano cewa zuri'a ɗaya tak a tanki ta isa ta canza yadda ƙwayoyin gado 723 ke aiki a jikin 'ya'yan. Idan irin wannan kifi ya haɗu da ɗan kogi, raunin nasa yakan shiga jinin jikoki.

Hanya ta uku, wadda ta fi muni, ita ce gauraya da baƙon iri. A kogin Soca na ƙasar Sulobeniya, an fara zuba mai ruwan ƙasa tun 1906 a gidan mai zanen marmara. Da yake suna iya haihuwa da juna, kuma 'ya'yan ma suna haihuwa, sai ruwa-biyu suka mamaye kogin. Da masana suka bi sawu a shekarun 1990, dangi takwas kawai suka samu na tsantsar mai zanen marmara, dukkansu a ƙananan rafuka na kan tsauni, inda gangaren ruwa ya hana baƙo hawa. A jihar Montana ta Amurka ma haka mai bakan gizo ya yi wa mai jan maƙogwaro. Clint Muhlfeld da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa idan jinin baƙo ya kai kashi 20 cikin 100 kawai, nasarar haihuwa takan ragu da kusan rabi. Kifin da cuta ta kashe, idan wasu sun tsira za su sake cika kogi. Wanda gauraya ta cinye kuwa ba shi da hanyar dawowa, domin gishirin da ya narke a miya ba ya tsintuwa.

Bayan waɗannan akwai illar da ba ta bi ta aure ba. Dubban kifayen da aka juye lokaci ɗaya suna ƙwace wurin fakewa da abincin 'yan gida, kuma sukan zo da cuta. Duk abin da ya rage yawan 'yan gida ya rage bambancin gadonsu.

Hujjar Masu Goyon Baya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu goyon bayan zuba kifi suna cewa kamun tirawut da fatsa sana'a ce babba, wadda ke ciyar da masu masauki da masu jagorar baƙi da masu sayar da kayan kamu, kuma kuɗin lasisin masu kamun ne ke ɗaukar nauyin kula da koguna a wurare da yawa. Wanda ya biya kuɗi yana son ya kama kifi. Suna kuma cewa akwai kogunan da madatsun ruwa da dagwalon masana'antu suka riga suka lalata, inda kifi ba zai iya haihuwa ba ko an bar shi.

Suna da hujja ta uku mai ƙarfi, wato ba kullum ne gauraya ke aukuwa ba. A ƙasar Denmak, Michael Hansen ya kwatanta ƙwayoyin gadon da ke cikin tsofaffin ɓawon kifi da aka adana da na kifin zamaninsa. A rahotonsa na 2002 ya nuna cewa a kogin Karup, inda aka daɗe ana zuba kifin kiwo, jininsa bai wuce kashi 6 cikin 100 ba, alhali da ƙarfinsa ɗaya da ɗan kogi da ya kai kashi 64. Sai dai wannan hujja takobi ce mai kaifi biyu. Idan kifin kiwo bai bar baya ba, to an yi asarar kuɗin da aka kashe a kansa. Idan kuma ya bari, kamar yadda ya faru a kogin Skjern na ƙasar, inda 'yan gida suka yi ƙaranci, to ya gurɓata dangi. Ko ta ina aka duba, babu riba ga kogin.

Labarin jihar Kolorado ya ƙunshi darasin ɓangarorin biyu. An shafe shekaru da dama ana ƙyanƙyashe wani dangi na mai jan maƙogwaro, mai koren baya, ana zubawa a rafuka domin ceto shi daga ƙarewa. Binciken Jessica Metcalf da abokan aikinta na Jami'ar Kolorado, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa ba shi ake ta zubawa ba, wasu dangi ne masu kama da shi, domin zube-zuben da aka yi tun ƙarni na 19 sun riga sun rikita wane ne ɗan ina. Tsantsar dangin a rafi ɗaya kawai aka same shi, mai suna Bear Creek, a tsawon da bai wuce mil 4 ba. Daga wannan rafi aka ɗebi iyaye aka sake aikin, har a 2022 hukumar jihar ta sanar da cewa kifin ya fara haihuwa da kansa a wani rafi mai suna Herman Gulch. Ke nan gidan ƙyanƙyasa yana da amfani, amma amfani irin na asibiti: wurin kai wanda ke bakin mutuwa, bayan an tabbatar da ko wane ne shi, kuma da niyyar sallamarsa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mataki na farko shi ne a bar kogi mai lafiya ya yi aikinsa. Jihar Montana ta gwada wannan. Wani ma'aikacin hukumar kifi ta jihar, Richard Vincent, ya dakatar da zuba kifi a wani sashe na kogin Madison domin gwaji, sai yawan manyan kifin kogi ya ninka fiye da sau biyu. Bisa wannan sakamako, a 1974 jihar ta daina zuba kifin kiwo a kogunan da ke da nasu kifin, duk da adawar masu kamu da 'yan kasuwa. A yau kogunan Montana na cikin waɗanda masu fatsa suka fi tururuwa zuwa gare su a Amurka.

Mataki na biyu, inda ya zama dole a zuba kifi domin masu kamu, a zuba wanda ba ya haihuwa. Idan aka matsa ƙwai da ƙarfin matsi ko aka ɗumama shi jim kaɗan bayan haɗa shi da maniyyi, kifin kan fito da kashi uku na kayan gado maimakon biyu, ya girma lafiya amma juya. Tun daga 2015 ƙa'idar Hukumar Muhalli ta Ingila ita ce, mai ruwan ƙasa da za a zuba a kogi ya zama irin wannan, ko kuwa ɗan iyayen da aka kamo a yankin. Wannan bai hana ƙwacen abinci ba, amma ya toshe ƙofar gauraya.

Mataki na uku, idan dangi ya kai bakin ƙarewa har sai an ƙyanƙyashe shi, to a bi ƙa'ida. A gwada ƙwayoyin gadon iyayen kafin a fara, a ɗebi iyaye da yawa, maza da mata daidai wa daida, kuma kada a riƙe su a tanki zuri'a bayan zuri'a. Lissafi ya nuna cewa maza 5 da mata 95 ba su fi iyaye 19 ba ta fuskar gado, alhali maza 50 da mata 50 cikakkun 100 ne. Irin wannan hanya aka bi a Sulobeniya, inda aka fara shirin farfaɗo da mai zanen marmara a 1993, aka hana zuba mai ruwan ƙasa a Soca daga 1996, aka kuma kafa sababbin dangi a rafukan da babu kifi a cikinsu ta amfani da iyaye na tsantsa.

Mataki na huɗu shi ne a tambayi abin da ya rage kifin tun farko. Idan laka ce ta rufe tsakuwar da yake haihuwa, ko madatsa ta tare masa hanya, ko an sare itatuwan da ke yi wa ruwan inuwa, to zuba kifi zuba ruwa ne a kwando.

Ina Ruwanmu?

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Ruwan namu shi ne tarwada. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwadar Afirka, kuma kusan duk 'ya'yan kifin da ake kiwo daga gidajen ƙyanƙyasa suke fitowa. Da yake sai an farke cikin namijin tarwada kafin a sami maniyyinsa, masu ƙyanƙyasa kan yi amfani da namiji ɗaya ko biyu ga mata da yawa, sannan su zaɓi iyayen gaba daga cikin 'ya'yan. Wannan shi ne ƙarancin iyaye da aka yi bayani a baya. Ana kuma haɗa tarwada da ramboshi domin samun ruwa-biyu mai saurin girma. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun kwashe gonakin kifi masu yawa a yankunan kogin Neja da na Binuwai, kuma kifin da ya kuɓuce kogi ya nufa. Tarwadar tamu ta riga ta nuna abin da za ta iya a wata ƙasa: a 2004 masana a Tailan suka ba da rahoton samun jininta a jikin tarwadar ƙasarsu ta daji, bayan an shigo da ita domin kiwo. Saboda haka ya dace Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa da sassan nazarin kifi na jami'o'inmu su ba da muhimmanci ga tantance dangin tarwadar kowane kogi da adana su, tun kafin a wayi gari ana neman tsantsa a rasa.

Kammalawa

A taƙaice, an daɗe ana auna nasarar kula da kogunan tirawut da yawan kifin da aka juye a cikinsu, alhali ma'aunin gaskiya shi ne yawan kifin da kogin ya haifa da kansa, da kuma ko 'ya'yan gidan ne. Misalan Hood da Soca da Montana da Kolorado sun nuna cewa kifin kiwo na iya rage bambancin gado, ya raunana zuri'a, ya kuma shafe dangin da ya ɗauki dubban shekaru kafin ya kafu. Gidan ƙyanƙyasa na iya samar da kifi miliyan a shekara ɗaya, amma ba zai iya dawo da dangi ɗaya da ya ɓace ba. Saboda haka kafin a buɗe bakin tanki a kan kowane kogi, na tirawut ne ko na tarwada, wajibi ne a fara sanin wane ne ke zaune a cikinsa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.